Yadda Ake Haɗa Ruwan Dutsen Shungait a Gida, da Yadda Ake Kauce wa Gubar da ke Cikinsa

Shungait baƙin dutse ne mai kama da gawayi. Ana haƙo shi a yankin Kareliya da ke arewa maso yammacin Rasha, a gefen Tafkin Onega, kuma daga wani ƙauye mai suna Shunga ya samo sunansa. Masana duwatsu sun ƙiyasta ya kai shekara biliyan 2. Mutanen Rasha sun daɗe suna danganta shi da ruwan sha: a 1719 Sarki Peter na Ɗaya ya buɗe wurin jinya a wata maɓuɓɓuga ta wannan yanki, inda ruwa ke ratsowa ta cikin irin waɗannan duwatsu. A jikin ledar da ake sayar da shi yanzu a kasuwannin intanet, shungite za a ga an rubuta.

Aiki biyu dutsen yake yi idan ya kwana a ruwa. Sinadarin kabon da ke jikinsa, irin wanda ke cikin gawayi, yana riƙe wasu abubuwa masu kawo wari da ɗanɗano, kamar yadda gawayin tace ruwa yake yi, sai dai bai kai gawayin ƙarfi ba. A lokaci guda kuma yana sakin abin da ke jikinsa cikin ruwan. Wannan sakin shi ne masu talla ke kira "ƙara wa ruwa ma'adinai", amma dutse ba ya zaɓe. Wani bincike da aka yi a ƙasar Latbiya, aka wallafa a 2021, ya gano shungait na sakin nikel, jan ƙarfe, dalma, kadmiyam, zinki, kuromiyam da arsenik. Dalma da kadmiyam sun haura ma'aunin ruwan sha na 'yan kwanaki, nikel kuwa har kusan mako 2. Duk wanda ya tuna abin da gubar dalma ta yi wa yara a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Jihar Zamfara a 2010 ya san ba abin wasa ba ce. Saboda haka kashi mafi girma na wannan aiki wanki ne. Jiƙon kansa kwana ɗaya ne kacal.

Kayan da ake buƙata

- Dutsen shungait ɗanye wanda ba a goge ba: giram 100 ga kowace lita 1 ta ruwa idan na gama-gari ne, giram 50 zuwa 70 idan mai ƙyalli ne (bambancinsu yana mataki na 1).
- Kwalbar gilashi mai faɗin baki da murfi, mai cin lita 2 ko 3. Tangaran marar tsagewa ma ya yi.
- Kwalba ta biyu ta adana ruwan da aka tace.
- Ruwa mai tsabta wanda dama ana iya shansa. Ledar fiya wata 2 ita ce lita 1.
- Sabon buroshin haƙori mai tauri, wanda ba za a yi komai da shi ba sai wannan.
- Rariyar roba, da farin ƙyalle mai tsabta ko takardar tace kofi.
- Sikelin kicin. Idan babu, ƙaramin gwangwanin tumatir cike da tsakuwar yana kusa da giram 100. Awo kawai za a yi da gwangwanin, ba jiƙo ba.
- Takardar gwajin tsamin ruwa, wato takardar pH. Ana samunta wajen masu sayar da kayan ɗakin gwaje-gwaje da masu kayan kiwon kifi.
- Mita irin ta masu gyaran rediyo, ko batir 2 da waya da ƙwan tocila irin na zamani (LED), don gwada dutsen.
- Takarda da biro don rubuta kwanaki.

Kada a jiƙa a kwanon silba, tukunyar alminiyam, ko bokitin ƙarfe. Ruwan shungait yana yin tsami, tsamin kuma yana cin ƙarfe ya ƙara shi cikin abin da za a sha. Randa da tulu ma ba su dace ba duk da sanyinsu, domin ƙasar tana tsotse abin da ya fita daga dutsen, ba kuma za ta wanku ba.

Mataki na 1: Zaɓen dutse

Iri biyu aka fi sayarwa. Na farko mai ƙyalli ne kamar gilashi, launinsa baƙi mai ratsin azurfa, ba shi da nauyi a hannu, yana da saurin farfashewa. Kabon ɗinsa ya haura kashi 90 cikin 100, kuma shi ne mai tsada saboda ƙarancinsa. Na biyu, wato na gama-gari, baƙi ne marar ƙyalli, ya fi nauyi, yana baƙanta yatsa. Kabon ɗinsa wajen kashi 30 ne, sauran kuwa yashin dutse ne da wasu ma'adinai. Shi ake sayarwa a buhu-buhu da sunan tsakuwar tace ruwa.

A nemi tsakuwa mai girman gyaɗa zuwa girman goro. Garin shungait da tsakuwa mai laushi kamar tsaki a bar su, domin iya ƙanƙantar dutse iya yawan fuskar da ke taɓa ruwa, iya kuma yawan ƙarfen da zai saki. Haka nan dutsen ado da aka goge, irin mai siffar dala ko ƙwallo ko na sarƙar wuya, ba na ruwa ba ne. Ana shafa wa wasu kakin goge kaya, wasu ma garin dutse ne aka haɗa da gam.

Mataki na 2: Gwada ko na gaske ne

Shungait yana ɗaukar wutar lantarki, abin da yawancin baƙaƙen duwatsu ba sa yi. A juya mita zuwa wurin da take ƙara idan waya ta haɗu, a ɗora bakin wayoyinta biyu a kan dutse ɗaya, tazarar yatsa tsakaninsu. Na gaske zai sa ta yi ƙara ko ta nuna lamba ƙarama. Gilashi da aka rina ko baƙin dutsen ado ba zai motsa ta ba.

Wanda ba shi da mita sai ya jera batir 2 kai da gindi, ya haɗa ƙafar ƙwan tocila ɗaya da kan batir, ya ja waya daga gindin batir zuwa dutsen, sannan ya taɓa ɗayar ƙafar ƙwan a jikin dutsen. Idan bai kama ba a juya ƙafafun ƙwan a sake gwadawa kafin a yanke hukunci, don irin wannan ƙwai ta fuska ɗaya yake karɓar wuta. A gwada guda 5 ko 6 daga wurare daban-daban a cikin ledar, ba wanda ke sama kaɗai ba. Wannan gwaji yana fitar da jabu na fili ne kawai. Ba ya nuna ko dutsen yana da guba ko babu.

Mataki na 3: Tsince

A baza tsakuwar a kan farin ƙyalle a wuri mai haske. Za a ga wasu da ɗigo-ɗigo ko jijiya mai ruwan zinari, wasu da tabon tsatsa, wasu da farar jijiya. Farar jijiyar ba ta da matsala sosai. Mai ruwan zinarin ita ce abar gudu: wani ma'adini ne da ake kira fayirait, haɗin ƙarfe da farar wuta. Da ya haɗu da ruwa da iska sai ya haifar da asid, asid ɗin kuma shi ke narkar da ƙarafan da ke cikin dutsen su fito. A ware duk wanda wannan ɗigo ko tsatsa ta yi masa yawa a zubar. Ko da kashi ɗaya cikin huɗu na ledar zai tafi, kada a ji asara.

Mataki na 4: Wankin farko

A zuba tsakuwar a rariyar roba, a tara ta a famfo ko a riƙa kwarara mata ruwa da moɗa. Ruwan zai fito baƙi ƙirin kamar an wanke tukunyar murhu. A ɗauki duwatsun ɗaya bayan ɗaya a goge da buroshi, musamman cikin tsagu. Mai ƙyallin a bi shi a hankali, yana fashewa, kuma gefensa na yanka yatsa. A ci gaba har ruwan da ke zuba ya fito garau.

Ban da sabulu, ban da omo, ban da bilic. Dutsen zai riƙe su ya dawo da su cikin ruwan sha daga baya.

Sai a tafasa ruwa a tukunya, a sauke, a sa duwatsun a kwanon tangaran a kwarara musu ruwan zafin su yi minti 10. Wannan don ƙwayoyin cutar da suka kwaso daga ma'adana da hannun masu ɗauka ne. A zubar da ruwan.

Mataki na 5: Jiƙon wanki na kwana 14

A nan yawancin mutane ke yin kuskure. Takardar da ke zuwa da dutsen takan ce a ɗauraye, a jiƙa kwana 2 ko 3, a sha. Wannan ruwan na kwanakin farko shi ne ya fi kowane ɗaukar ƙarfe.

A sa duwatsun a kwalba, a zuba ruwa aƙalla lita 1 ga kowane giram 100. Idan kwalbar za ta ɗauki ninki biyu, ya fi, domin ruwa mai yawa ya fi janyo abin da ake son fitarwa. Ba sai ruwan leda ba a wannan mataki, ruwan famfo ko na rijiyar burtsatse ya isa. A rufe, a ajiye inda yara ba sa kaiwa, a manna takarda a jikin kwalbar a rubuta "ba na sha ba". Kowace safiya a girgiza kwalbar, a tsiyaye ruwan gaba ɗaya, a ɗauraye duwatsun, a zuba sabo, a ja layi a takarda. Haka har kwana 14 cur. Ranar da aka manta ba a canza ba, ba ta shiga lissafi.

Ruwan da ake zubarwa a kai shi makwarara ko masai. Kada a ba dabbobi ko kaji, kada a zuba wa alayyafo, zogale ko wani abin da za a ci.

A rana ta 1, ta 7 da ta 14 a tsoma takardar pH a ruwan kafin a zubar. A fara gwada ruwan gidan shi kaɗai don a san inda aka taso. Ma'aunin pH na ruwan sha a Najeriya yana tsakanin 6.5 da 8.5, kuma iya ƙanƙantar lamba iya yawan tsami. Ba abin mamaki ba ne a ga ruwan rana ta farko ya faɗi ƙasa da haka sosai, musamman da dutsen gama-gari. Abin da ake so a gani shi ne yana hawa a hankali yana komawa kusa da na ruwan gida. Idan a rana ta 14 yana ƙasa da 6.5 alhali ruwan gidan bai kai haka tsami ba, a sake tsince masu ɗigon zinari a ƙara mako guda. Idan bayan mako 3 bai gyaru ba, wannan dutsen ba na ruwan sha ba ne, ya koma ado a kan tebur.

Mataki na 6: Shirya ruwan da za a jiƙa

Shungait ba ya mayar da gurɓataccen ruwa ya zama na sha. Gwaje-gwaje sun nuna yana ɗan rage wasu ƙwayoyin cuta, amma ragewa ba ta isa ta kare mutum daga kwalara ko taifot ba. Ruwan da zai shiga kwalba dole ya zama wanda za a iya kurɓa tun kafin ya ga dutse.

Ruwan famfo, na rijiya ko na burtsatse a tafasa shi ya yi minti 1 yana zaɓalɓala, a bar shi ya huce sarai a rufe. Idan yana da laka a fara kwantar da ita da alif ko dakakken ƙwallon zogale, a tace, sannan a tafasa. Idan da maganin kulorin aka tsabtace shi, a sani cewa kabon yana rage kulorin, don haka kariyar da maganin ke bayarwa za ta ragu bayan jiƙo, ruwan ba zai jure dogon ajiya ba.

Kada a zuba ruwa da ɗuminsa. Zafi yana hanzarta fitar ƙarfe daga dutse.

Mataki na 7: Jiƙon gaske

A wanke kwalba da ruwan zafi, a wanke hannu, a jera duwatsun a ƙasa a hankali don kada su tsaga gilashin. A zuba ruwa bisa ma'aunin da aka faɗa a sama, a rufe, a ajiye a inuwa.

Masu sayarwa suna cewa kwana 1 zuwa 3. Awa 24 ta wadatar. Ƙarin kwana ba ya ƙara komai sai tsami da ƙarfe, kuma a zafin bazara, lokacin da ɗaki ke ɗaukar zafi kamar tanda, ruwan da ya yi kwana 3 a ajiye babu kulorin ya zama gidan ƙwayoyin cuta. Mai firji ya sa kwalbar a ciki tun daga farko.

Lemun tsami, tsamiya, zoɓo ko ruwan khal kada su shiga kwalba muddin dutse na ciki. Duk abu mai tsami aikin fayirait ɗin nan yake yi. Mai son lemun tsami ya matsa a kofinsa bayan an tace.

Mataki na 8: Tsiyaya da tacewa

Kada a girgiza. A shimfiɗa ƙyalle ko takardar tacewa a bakin kwalba ta biyu, a karkata ta farko a hankali. A tsaya idan ya rage kamar kaurin yatsa 2 a saman duwatsun, wannan na ƙasan shi ke ɗauke da gari da abin da ya kwanta, a zubar da shi. A ɗauraye duwatsun kafin a zuba sabon ruwa.

A ɗaga kwalbar a haske. Ruwa mai kyau garau yake, ba wari, ɗanɗanonsa bai yi nisa da na ruwan da aka zuba ba. A gwada da takardar pH. A yi amfani da shi cikin kwana 1 idan a ɗaki yake, kwana 2 idan a firji.

Mataki na 9: Kai samfur ɗakin gwaji

Wanda ya yi niyyar shan wannan ruwa a kai a kai, wannan mataki ba na tsallakewa ba ne. Dalma ba ta da launi, ba ta da wari, ba ta da ɗanɗano, kuma tafasawa ba ta fitar da ita, sai ma ta ƙara tattara ta. 'Yar mitar TDS, mai auna jimillar abubuwan da suka narke a ruwa, wadda masu sana'ar fiya wata ke tsomawa a ciki, ba ta ganinta, domin adadin da ke cutarwa ya yi ƙanƙanta ƙwarai da abin da mitar ke iya karantawa.

A cika sababbin gorunan ruwa 2 masu rabin lita: ɗaya da ruwan jiƙon awa 24, ɗaya da ruwan gidan da bai taɓa dutse ba. A rubuta wa kowace suna da kwanan wata, a kai sashen kimiyyar sinadarai na jami'a ko ɗakin gwajin hukumar ruwa ta jiha a ranar. A ce a duba dalma, kadmiyam, nikel da arsenik. Iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa a kowace lita ita ce miligiram 0.01 ga dalma, 0.003 ga kadmiyam, 0.07 ga nikel, 0.01 ga arsenik. Amfanin gora ta biyu shi ne a gane ko daga dutse matsalar take ko dama tana cikin ruwan gidan. Sakamakon na wannan ledar ce kaɗai. Sabuwar leda, sabon wanki, sabon gwaji.

Yadda ake amfani da shi

Likitanci bai tsayar da wani adadi na shan ruwan shungait ba, domin ba a tabbatar yana warkar da wata cuta a jikin ɗan Adam ba. A 1992 aka ba da rahoton gano wani nau'in kabon mai siffar ƙwallo da ake kira fularin a cikin dutsen, kuma a kan wannan aka gina yawancin tallan, amma ɗan kaɗan ne ƙwarai, kuma ba ya narkewa a ruwa cikin sauƙi. Batun cewa yana maganin ciwon suga, hawan jini ko daji, ko yana tare hasken wayar salula, zancen kasuwa ne. Mai shan maganin asibiti kada ya ajiye shi saboda dutse, kada garin gyaran gira a rasa ido.

Baligi mai lafiya, wanda ruwansa ya ci gwaji, ya tsaya a kofi 1 a rana, sauran shansa ya zama ruwan da ya saba. Yara, masu ciki, masu shayarwa da masu ciwon ƙoda kada su sha sam, kada kuma a dama wa jariri madara ko koko da shi. Jikin yaro ya fi na babba tsotsar dalma nesa ba kusa ba, kuma illarta ga ƙwaƙwalwa ba ta gyaruwa. Ba a girki da shi, musamman miya mai daɗewa a wuta.

Wanda bai samu damar kai samfur ba ya tsaya a amfanin waje: wanke fuska, ɗauraye gashi, jiƙa ƙafa. Ko a nan akwai sharaɗi. Duk wadda ɗan kunne ko sarƙa mai araha ke sa wa ƙaiƙayi da ƙuraje, ko wanda bayan agogo ke ci wa fata, to alama ce jikinsa ba ya shiri da nikel. A shafa kaɗan a cikin gwiwar hannu a jira awa 48 kafin a kai fuska. Ba a zuba shi a ido ko a kan buɗaɗɗen rauni.

Idan an ga matsala

Ruwa ya yi baƙi-baƙi ko toka-toka: wankin farko bai isa ba, ko duwatsun suna gogar juna suna fitar da gari. A sake gogewa, a daina girgiza kwalba lokacin jiƙon gaske.

Ruwa ya yi ja-ja, ko tsatsa ta fito a jikin dutse: fayirait ne ke aiki. A cire duwatsun da suka yi tsatsa, a mayar da sauran jiƙon wanki na mako guda.

Ɗanɗanon ƙarfe, tsami ko bauri a harshe: a tofar, a zubar da ruwan. Ko jiƙon ya wuce lokaci, ko dutsen ya yi yawa, ko bai gama wankuwa ba.

Dutse ya yi santsi ko kwalba ta yi wari: ƙwayoyin cuta ne suka yi shimfiɗa. A goge da buroshi, a zuba ruwan zafi na minti 10, a wanke kwalbar da kyau. Idan kore ya fito a jikin gilashin, hasken rana yana samun kwalbar, a canza mata wuri.

Kula da duwatsun

Sau ɗaya a mako a fito da su a goge, a ɗauraye, a shanya a kan ƙyalle su bushe ƙarau. Wasu suna cewa rana tana "sake caja" dutsen. Bushewa kawai take yi masa, abin da ya riga ya riƙe yana nan a jikinsa. Shi ya sa tsakuwar gama-gari da ake aiki da ita kullum ake canza ta bayan kamar wata 6, sabuwar kuma ta bi ta mataki na 1 zuwa na 5 kamar ta farko. Idan dutse ya fashe, sabuwar fuskar da ta buɗe ba ta taɓa wankuwa ba, don haka a ware gutsattsarin a jiƙa su daban na kwana 14 kafin su koma cikin 'yan uwansu. Idan za a yi tafiya ko a dakata, a busar da su a ajiye a kwalba a rufe, ranar da za a dawo da su aiki a yi musu jiƙon wanki na kwana 2 ko 3 tukuna.